Kawu Mai Tafireta, Wanda Ya Je Gano Mini Jami'a

Ban riski jana'izar Kawu ba. Wayar Inna ta same ni a wurin aiki da hantsi, kafin motar da na shiga ta fita daga birni an sallace shi, kafin mu wuce Karaye an dawo daga maƙabarta. Na Allah muke, wurinsa za mu koma. Ita na yi ta maimaitawa har Rogo, bakina yana faɗa, zuciyata ba ta kama ba.

Na tarar da tabarmi tun daga bakin lungu. Na durƙusa na gaida maza daga nesa zan shige, sai wani dattijo mai farin gemu ya ɗaga hannu. Tsohon masinja ne, sun yi aiki tare da Kawu a sakatariyar ƙaramar hukuma.

Ya ce, "Ba ke ce ta kwamfutar ba?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

"Allah Ya ba ku haƙuri. Ko ranar kasuwar da ta wuce sai da ya yi mini zancenki." Ya juya ga na kusa da shi ya ce, "Shekara da shekaru ina ɗaukar takardunsa ina kai wa manya, ba a taɓa dawo mini da ko ɗaya an ce a gyara ba."

A cikin gida Inna na zaune a ƙofar ɗaki, idanunta sun kumbura. Shi ne yayanta, su biyu suka rage a ɗakinsu, yanzu saura ita. Iya, matar Kawu, tana daga ciki da carbi a hannu, ba ta kuka, sai dai duk wadda ta yi mata gaisuwa, Iya takan ce mata, "Ko ciwon kirki bai yi ba. Kwana biyu ne, zazzaɓi."

Wata tsohuwa da ban sani ba ta shigo bayan la'asar, ta ce daga Falgore take. Bayan ta yi gaisuwa sai ta kwance bakin zaninta ta fito da takarda a cikin leda, ta yi laushi don tsufa. Ta ce takardar gonarta ce, Kawu ya buga mata lokacin da mijinta ya rasu, kuma da ita ta tsira da gonar. Ba ta iya karatu ba, amma ta nuna mana layin ƙarshe da yatsa, ta ce, "Nan ya sa ni na dangwala. Sai da ya karanta mini sau uku, ya ce in akwai abin da ban yarda da shi ba mu yaga." Ta mayar da takardar ta ɗaure, sannan ta yi kukanta.

Ina zaune a cikinsu ina ji kowa na faɗar abin da ya haɗa shi da Kawu, ni kuwa nawa bai faɗu ba. Shi ya sa nake rubuta wannan. Ina so a san shi, kuma ina so in faɗi abin da ban iya faɗa a zaman makokin ba.

Kawu mai buga tafireta ne. Matasan yanzu da yawa ba su taɓa ganin ta ba: inji ne na ƙarfe, mai haruffa, ka danna ya buga a takarda kai tsaye, in ka yi kuskure ya zauna. Da ita ya ci abinci tun yana saurayi. Da aka kawo kwamfuta sakatariya, sai aka ɗauko wasu samari daga birni aka ba su teburinsa, shi kuma aka mayar da shi ɗakin ajiye fayil. Bai yi ƙorafi ba. Iya ta ce wata guda ya yi ba ya cinye tuwonsa, shi ke nan abin da ta gani. Da ya yi ritaya ya sayi tsohuwar tafireta, ya kafa rumfa kusa da kotu, yana buga wa mutane takardar cinikin gona, da wasiƙar neman aiki, da takardar koke.

Yana da wata ɗabi'a da ke ba mutane haushi. In ka zo da kokenka, zai saurare ka har ka gama, hannunsa a kan cinya. Sai ya ce, "To, sake faɗa mini." In ka ce ai yanzu ka faɗa, sai ya ce, "Na farko na fushi ne. Na biyu shi ne na takarda." Akwai wanda na gani da idona ya tashi a fusace, ya ce zai je wurin masu kwamfuta, su ba sa tambaya. Kawu ya ce masa Allah Ya kiyaye hanya. Bayan azahar mutumin ya dawo ya zauna, ya sake faɗa, kuma rabin abin da ya faɗa da safe bai maimaita ba.

Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". Gidanmu a Kwanyawa yake, Baba manomi ne, amma duk hutun makaranta a Rogo nake yi. A tsakar gidansa ya koya mini bugu. Yakan rufe mini hannu da adiko don kada in kalli haruffa, in na leƙa ya ce, "Ido na takarda ne, Uwata, yatsa ya san gidansa." Da na shiga sakandare aka fara kai mu ɗakin kwamfuta, duk ajin ba mai saurina. Daga nan abin ya shiga raina. Ranar da na gaya masa ilimin kwamfuta nake so in karanta a jami'a, na zaci zai ɓata rai. Sai ya ce, "Ki je ki san ta ciki da waje. Mu daga waje muka gan ta."

Sakamakon jarrabawar shiga jami'a ya fito a farkon damina, kuma na ci da kyau. Akwai ɗan lokaci da ake ba ɗalibi ya canja jami'ar da ya zaɓa, a nan rigimar ta tashi, domin uku ne a gabana.

Ta farko ta birni ce, kusa da gida. Ita Baba yake so, don in zauna a gidan yayata da ke aure a can. Amma masu neman kwamfuta a can sun yi yawa, an ce da wuya a ba ni, sai dai wani kwas daban. Baba ya ce, "Karatu ai karatu ne." Ta biyu sabuwa ce, ƙarama, a wata jiha maƙwabciya, tafiyar rabin yini. Ta uku tsohuwa ce mai suna, tafiyar yini guda cur a mota. Ita nake so. Malaminmu ya ce masu ɗaukar aiki sunan jami'a suke fara kallo. Wannan shi ne dalilin da nake faɗa wa mutane. Wanda ba na faɗa shi ne ina so in yi nisa, in je inda ba wanda ya san ni da tallan gyaɗa.

Ina Rogo lokacin. Kawu ya saurare ni, ya sa na sake faɗa masa kamar yadda ya saba, sannan ya ce, "Duk abin da kika faɗa ji kika yi. Gani ya kori ji."

Washegari ya rufe rumfarsa ya ɗauke ni muka tafi ƙaramar. A daji take, wasu gine-ginen ko fenti babu, ruwa ma tanka ke kawowa. Raina ya ɓaci tun daga bakin ƙofa. Shi kuwa bai nemi ofishin wani babba ba. Ya tambayi inda ɗakin kwamfuta yake, ya yi sallama da mai kula da ɗakin, suka gaisa kamar sun san juna. Ya tambaye shi ƙarfe nawa ake buɗewa, in an ɗauke wuta yaya ake yi, mutum nawa ke zama a kan inji ɗaya. Ya ce a nuna masa takardar da ke nuna hukuma ta amince da kwas ɗin, aka kai shi inda aka manna ta, ya sa gilashi ya karanta har ƙasa. Ya tare wata ɗaliba 'yar aji uku ya ce, "'Yata, nuna mini abin da kika yi da hannunki, ba abin da aka karantar da ke ba." Ta buɗe masa wani abu da ta haɗa na lissafin magunguna a asibiti. Bai gane yadda yake aiki ba, amma ya tsaya ya kalli yatsunta.

Tsohuwar jami'ar shi kaɗai ya je, don ya ce ba zai kai ni nesa haka ba sai da izinin Baba. Kwana uku ya yi. Mutumin da gwiwa ke damu, wanda ko Kano bai cika zuwa ba. Da ya dawo ƙafafunsa sun kumbura, Iya ta dafa ruwa tana gasa masa tana mita. Bai huta ba sai da ya zauna ya buga abin da ya gani a takarda biyu, ɗaya ta wannan, ɗaya ta waccan.

Bayan la'asar ya kira ni. Iya na gefe tana ɓarar gyaɗar iri. Ya ce tsohuwar jami'ar gari guda ce, ɗakin karatunta ya fi masallacin Juma'a girma, kuma sunanta ba ƙarya ba ne. Amma ya leƙa ajin 'yan shekarar farko ya ga wasu a tsaye a taga. Ya tambayi wani ɗalibi, ya ce masa a takarda suke rubuta wa kwamfuta umarni, malami ya duba da jan biro, injin kuwa sai an yi sa'a.

Ya ce, "Kamar a koya wa mutum iyo a kan tabarma ne, Uwata. Ni da zan zaɓa, ƙaramar zan ɗauka."

Na ce ba na son ta. Ya ce in karanta takardun tukuna. Na ce ba sai na karanta ba. Ya ce suna ba ya koyar da hannu. Ni kuwa na ji kamar ana janye mini abin da na riga na kama, sai bakina ya riga hankalina. Na ce:

"Kawu, kai fa kwamfutar nan ita ta tashe ka daga kujerarka. Ka bari waɗanda suka san ta su ba ni shawara."

Na ji ɓarar gyaɗar ta tsaya. Iya ta zuba mini ido. Kawu bai kalle ni ba. Ya haɗa takardun biyu ya daidaita bakinsu, ya ninke, ya sa a aljihu. Ya ce, "Haka ne, Uwata." Ya ɗauki buta ya fita, alhali ba a kusa kiran magariba ba.

Da safe na koma Kwanyawa. Na tarar Baba ya ji labarin an kai ni wata jiha ba da saninsa ba, ya cika ya yi fam. Ya ce wa Inna, "Ki gaya wa yayanki kawu ba uba ba ne." Ni kuma ya ce ko ta birni ko in zauna a gida, ba ya aika 'ya mace tafiyar yini guda inda ba shi da kowa. Na yi kuka, na ƙi cin abinci, bai ko kalle ni ba. Kwanakin canjin suna ta ƙarewa. Saura kwana biyu a rufe, ya dawo daga gona da yamma, ya jingine fartanya, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Gobe ki je Karaye ki cike wadda kike so." Na ɗauka Inna ce ta shawo kansa. Ban tambaya ba, don ina tsoron kada ya canja.

Na tafi tsohuwar jami'ar. Abin da Kawu ya faɗa haka na tarar. Shekarar farko a taga na yi ta. Sai da na kai aji biyu kafin in zauna a gaban inji ni kaɗai na sa'a guda. Akwai ranakun da na zauna a bayan ɗakin kwananmu ina tuna ɗalibar nan da yatsunta, ina cewa da na sani. Amma ban taɓa gaya masa ba.

Duk hutu ina zuwa Rogo, kuma bai canja mini fuska ba ko sau ɗaya. Yakan sa Iya ta yi mini dambu, ya aika a sayo mini rake. In mun zauna sai ya ce, "Yanzu mutum nawa ne a kan inji ɗaya?" In ce, "Ana dai yi, Kawu." Sai ya gyaɗa kai ya kama wani zancen. Bai taɓa ce mini ai na gaya miki ba. Da ya faɗa, wataƙila da na sami ƙofar ba shi haƙuri.

A aji uku abubuwa suka gyaru. Wata malama ta lura da mu, mu huɗu, ta riƙa ba mu makullin ofishinta muna aiki da injinta. A hannunta na koyi abin da nake ci da shi yau, kuma ita ta haɗa ni da wurin da nake aiki. Da na ba Kawu labarinta, ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Kin ga, wannan ban gano ta ba. Injuna na ƙirga, ban ƙirga mutane ba. Da kin bi tawa da ba ki same ta ba." Dattijo ne, yana ba ni gaskiya a kan abin da ni ma na san rabinsa nasa ne. Na karɓa.

Sau ɗaya na yi niyya da gaske. Bayan na gama, na kai masa takardar shaidata, ya sa gilashi ya karanta ta tun daga sama har sa hannun ƙarshe. Na ce, "Kawu, maganar nan ta rannan..." Sai wani ya yi sallama a zaure da takardar gona. Kawu ya ce, "Ina zuwa, Uwata." Na ji sanyi a raina da aka katse ni, wannan ita ce gaskiya. Da ya dawo ban tayar ba. Na ce akwai lokaci.

Tsakaninsa da Baba kuwa, ban taɓa fahimta ba. Na zaci za su yi gaba, amma sai na ga Baba ya fara kai masa buhun dawa duk kaka da kansa, abin da da aikawa yake yi. An ce mini ma shi ya shiga kabari ya karɓi gawar.

Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, muka koma Kwanyawa. Zan koma birni washegari. Baba ya kira ni zaure, ya nuna mini tabarma. Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa kafin ya ce:

"Kin san wanda ya sa na bar ki kika tafi?"

Na ce, "Ba Inna ba ce?"

Ya ce, "Innarki ta yi magana har ta gaji, ban ji ba. Kawunki ne. Ina gona ina noman firi, ɗan acaɓa ya sauke shi a bakin hanya. Ya tako cikin kunyoyi da wannan gwiwar tasa. Ya cire takalmi ya tsuguna a gabana, a cikin taɓo. Mutumin da ya girme ni, yayan matata. Na ce Malam don Allah ka tashi, ya ƙi. Ya ce ya yi laifi da ya ɗauki 'yata ba da sanina ba, in yafe masa. Na ce na yafe. Ya ce to saura roƙo: in bar ki ki tafi mai nisan."

Na ce, "Mai nisan? Ai ba ita ya zaɓa ba."

"Haka na ce masa. Na ce, Malam, ai ba ita kake so ba, kuma na ji har magana ta gaya maka, don Iya ta faɗa wa Innarki. Ya ce ba shi zai zauna a ajin ba. Ya ce ya je ya ga wurin, ya ga ɗakin kwanan mata, ya ga mai gadinsu, wuri ne da za a iya barin 'ya. Ya ce yarinyar da za ta iya faɗar abin da ke ranta a gabansa, ba za a juya ta a can ba. In wani abu ya same ki, in kama shi." Baba ya goge ido da bakin rigarsa. "Sannan ya ce kada in gaya miki, don kada ki tafi da nauyinsa a kanki. Na riƙe masa. Yanzu kuwa ba ya nan."

Na lissafa a raina. Kwana biyar ne tsakanin maganar da na yi masa da ranar da ya tsuguna a gonar.

Na ce, "Baba, ya ce ya yafe mini?"

Baba ya yi tunani sosai, don shi ma ba ya faɗar abin da bai ji ba. Ya ce, "Ban ji ya ce kin yi masa laifi ba."

Allah Ka ji ƙan Kawu, Ka yalwata masa makwanci, Ka karɓi uzurinsa yadda ya karɓi na mutane tun ba su kawo ba. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙo ya sa shi a addu'a, ni kuma ya roƙa mini gafara.